Yadda Mai Ƙaramar Sana'a Zai Tafiyar da Ma'aikatansa Ba Tare da Ya Faɗa Laifin Nuna Wariya Ba

Yawancin masu ƙananan sana'o'i a garuruwanmu, tun daga mai gidan burodi da mai kamfanin ruwan leda har zuwa mai makarantar kuɗi da mai kemis, suna ɗauka cewa dokokin hana wariya a wurin aiki an yi su ne domin bankuna da kamfanonin sadarwa da ma'aikatun gwamnati. Wannan zato yana da tushe, domin akwai dokokin da suka ɗauke wa ƙaramin mai sana'a nauyi. Dokar mafi ƙarancin albashi, wadda aka gyara a 2024 aka kai shi naira 70,000, ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Sai dai wannan sassauci a kan albashi ya tsaya. Ikon da Kundin Tsarin Mulki ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa na sauraren ƙarar wariya bai gindaya yawan ma'aikata ba, saboda haka mai shagon da ke da yara uku zai iya karɓar sammaci kamar yadda shugaban banki zai karɓa, kuma kotun tana da rassa a Abuja da Kano da Kaduna da Jos da wasu biranen Arewa.

Doka ta bar maka 'yancin zaɓen wanda za ka ɗauka da wanda za ka sallama. Abin da take nema shi ne dalilinka ya kasance ya shafi aikin kansa, kuma ka iya nuna wannan dalili ranar da aka tambaye ka. A nan ne ƙaramin mai sana'a ya fi babban kamfani zama cikin haɗari, domin mu mun saba ɗaukar mutum da baki, mu yi masa faɗa da baki, mu sallame shi da baki, ranar shari'a kuwa sai a tarar babu ko takarda ɗaya da za ta goyi bayan maigida, ko da shi ne mai gaskiya.

Dokokin da suka hau kanka

Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda al'ummar da ya fito, ko ƙabilarsa, ko garinsa na asali, ko jinsinsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, sannan ya ƙara da cewa ba za a hana kowa wani haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa ba. Wannan ƙarin ya shafe mu kai tsaye a ƙasar Hausa, inda har yau ake samun masu bin diddigin gidan da mutum ya fito, ko ɗan mahauta ne ko ɗan wanzamai, ko kuma an haife shi ba ta hanyar aure ba. Lauyoyi sun daɗe suna muhawara a kan ko sashen yana hawa kan mai zaman kansa, tun da lafazinsa ya fi karkata ga dokoki da ayyukan gwamnati, amma gyaran da aka yi wa kundin a 2010 ya sa wannan muhawara ba za ta fisshe ka ba. Sashe na 254C da aka shigar a lokacin ya ba Kotun Ma'aikata ita kaɗai hurumin duk rikicin da ya shafi wariya ko neman lalata a wurin aiki da rashin adalci ga ma'aikaci, ya kuma ba ta damar aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta amince da su. Daga cikinsu akwai yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan biyan mace da namiji daidai, wadda ƙasar ta karɓa a 1974, da ta 111 a kan wariya wadda ta karɓa a 2002, da ta 190 a kan cin zarafi a wurin aiki wadda ta karɓa a 2022.

Ƙa'idojin da kotun ta fitar a 2017 sun jero dalilan da mai ƙara zai iya kafa hujja da su, kuma jerin ya fi na sashe na 42 faɗi, domin ya haɗa da aure ko rashinsa, da halin da iyali ke ciki, da abin da mutum ya gada a jininsa, da zama ɗan ƙungiyar ƙwadago, da naƙasa, da rashin lafiya, da juna biyu, ya kuma bar ƙofa a buɗe ga kowane dalili makamancin waɗannan. Bayan wannan akwai dokoki uku da kowane maigida ya kamata ya san abin da suka ƙunsa, wato Dokar Ƙwadago, da dokar hana wariya ga masu ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki ta 2014, da dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Zan kawo kowace a inda take shafar aikin yau da kullum.

Tun daga tallar neman ma'aikaci

Kafin ka liƙa takarda a ƙofar shago ko ka tura saƙo a WhatsApp cewa ana neman ma'aikaci, zauna ka rubuta ainihin abin da mutumin zai riƙa yi, da awannin aiki, da abin da dole ya iya. Daga wannan rubutu za ka fitar da tallar, kuma duk sharaɗin da ba ya cikinsa ka cire shi. Kalmomi irin su "budurwa kawai", ko "banda matar aure", ko "Musulmi kawai", ko "ɗan asalin jihar nan", su ne hujjar farko da lauyan mai ƙara zai ɗauki hotonta, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta amince da abin da aka ciro daga waya ko kwamfuta a matsayin shaida idan an cika sharuɗɗanta.

Yarjejeniya ta 111 ta yarda cewa bambancin da aikin da kansa ya wajabta ba wariya ba ne, kuma a nan ne ake buƙatar mutum ya yi wa kansa adalci. Makarantar kwana tana da hujjar neman mace ta kula da ɗakin kwanan ɗalibai mata, Islamiyya tana da hujjar neman malamin da ya san abin da zai karantar, gidan abincin da ke sayar da halal yana da hujja a kan wanda zai yi yanka. Wannan hujja ba ta kai ga akawu ko direba ko maigadin wurin ba. Haka kuma mai shago a Kantin Kwari da abokan cinikinsa Hausa suke ji yana da damar rubuta cewa ana neman wanda ya iya Hausa sosai, domin iya harshe ƙwarewa ce da Bayarabe ko Inyamurin da ya tashi a Sabon Gari zai iya mallaka, amma idan ya rubuta "Bahaushe kawai" ya koma maganar ƙabila.

Na san dalilin da ya sa da yawa suke tsayawa a kan ɗan gida ko ɗan unguwa. Maganar amana ce, domin mai sana'a yana barin kuɗi da kaya a hannun yaro ya tafi, yana so ya san gidan da zai nufa idan wani abu ya ɓace. Wannan damuwa gaskiya ce, kuma tana da magani wanda doka ba ta ƙi ba. Ka sa sharaɗin kowa ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, masu adireshi sananne, ka je ka ga inda yake zaune, ka tambayi wurin da ya bari. Muddin wannan sharaɗi ya hau kan ɗan ƙanwarka kamar yadda ya hau kan baƙon da ya zo daga Binuwai, ka samu amanar da kake nema ba tare da ka ware wata ƙabila ba.

A wurin ganawa kuwa, ka shirya tambayoyi iri ɗaya ga kowa, ka rubuta amsoshin a taƙaice, ka ajiye. Al'adarmu ta gaisuwa tana jan mutum ya tambayi iyali da maigida da yara, wannan ba laifi ba ne a matsayin gaisuwa, sai dai kada ta zarce zuwa "yaushe za ki yi aure", ko "kina da ciki ne", ko "mijinki zai bar ki". Idan abin da ke damunka shi ne ko za ta iya tsayawa har ƙarfe takwas na dare ko ta zo ranar Asabar, to wannan za ka tambaya, kuma ka yi wa namiji irin tambayar. In hali ya yi, gwajin aiki ya fi tambaya amfani: a ba tela yadi ya yanka, a ba kashiya lissafi ta buga, a ba malami alli ya shiga aji.

Batun gwajin lafiya yana buƙatar kulawa ta musamman. Dokar 2014 ta hana a mayar da gwajin ƙanjamau sharaɗin samun aiki, in ban da wani yanayi ƙunƙuntacce da ke buƙatar shaidar likitoci, ta kuma hana a fallasa matsayin mutum ba da izininsa ba. Hukuncin da ta tanada ga mutum shi ne tarar da ba ta gaza naira 500,000 ba ko ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba, ga kamfani kuma tarar da ba ta gaza naira miliyan 2 ba. Tun kafin dokar, a 2012, Babbar Kotun Jihar Legas ta umarci wani asibiti mai zaman kansa ya biya diyyar naira miliyan 7 ga ma'aikaciyar jinyar da aka yi wa gwajin ba da saninta ba aka kuma kore ta, kuma wannan asibiti ba wani katafaren kamfani ba ne. Masu burodi da ruwan leda da hukumar NAFDAC ke neman shaidar lafiyar ma'aikatansu su roƙi asibiti ya taƙaita rahotonsa a kan ko mutum ya dace da taɓa abinci ko bai dace ba, tun da wannan ƙwayar cuta ba ta bin abinci ko ruwa. Gwajin sikila ma ka bar shi, domin ya faɗa cikin abin da mutum ya gada a jininsa. Dokar ta 2014 ta kuma wajabta wa duk mai ma'aikata biyar zuwa sama ya rubuta manufar wurin aikinsa a kan wannan cuta bayan ya tuntuɓi ma'aikatansa, abin da kaɗan ne daga cikin masu ƙananan sana'o'i suka taɓa jin labarinsa.

Takardar ɗaukar aiki da albashi

Tun ran gini ran zane. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ba ka wata uku daga ranar da ma'aikaci ya fara ka ba shi takardar da ta bayyana sunanka da nasa, da irin aikin, da albashi da lokacin biyansa, da awannin aiki, da hutu, da abin da za a yi idan ya yi rashin lafiya, da wa'adin da kowane ɓangare zai bayar kafin rabuwa. Shafi ɗaya ya isa, kuma babu abin da ya hana a rubuta shi da Hausa idan ita ce ma'aikacin ya fi fahimta. Dokar ta fi kare masu aikin ƙarfi da na akawu, ta kuma cire 'yan gidan maigida da manajoji da ƙwararru daga ma'anar ma'aikaci, amma duk wanda ke karɓar albashi a hannunka yana iya zuwa Kotun Ma'aikata, don haka ka ba kowa takarda.

Albashi shi ne inda wariya ta fi ɓuya ba tare da maigida ya lura ba. Sau da yawa za ka ji an ce a ƙara wa wane saboda yana da iyali, ita kuwa wance ai mijinta ke ciyar da ita. Niyyar tausayi ce, amma sakamakonta shi ne mace da namiji suna aiki ɗaya ana biyansu daban. Ka tsara matakan albashi bisa irin aiki da daɗewa da ƙwarewa, ka rubuta su a rajista, duk ƙarin da ka yi kuma ka rubuta dalilinsa a gefe. In kana son taimakon mai nauyin iyali, ka yi shi daga aljihunka a matsayin kyauta, ko ka mayar da shi alawus da ke da ƙa'idar da kowa zai iya cika ta, domin bazawarar da ke riƙe da marayu huɗu ita ma mai iyali ce.

Juna biyu da haihuwa

Wannan shi ne babin da ya fi jefa makarantun kuɗi da ƙananan asibitoci da shagunan kwalliya cikin matsala, kuma na fahimci nauyinsa, domin wurin da ke da malamai shida idan ɗaya ta tafi wata uku aji guda ne ya zama babu kowa. Duk da haka sashe na 54 na Dokar Ƙwadago a fili yake. Mace tana da damar barin aiki idan ta kawo takardar likita cewa ana sa ran haihuwarta cikin mako shida, kuma an hana ka barinta ta yi aiki a mako shida na bayan haihuwa, ko da ita ce ta nema. Idan ta yi wata shida ko fiye tana aiki a wurinka ba yankewa, dole ka biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba a wannan lokaci. Idan ta dawo tana shayarwa, tana da rabin awa sau biyu a rana a cikin lokacin aiki. An kuma hana ka ba ta notis na sallama tana cikin wannan hutu, ko notis ɗin da wa'adinsa zai cika tana cikinsa. A ɗaya gefen, dokar ba ta ɗora maka kuɗin asibitin haihuwa ba, kuma mako 16 da ma'aikatan gwamnatin tarayya ke samu bai hau kanka ba sai in kai ka ga dama.

Idan aka zauna aka yi lissafi, nauyin bai kai yadda ake tsoronsa ba. Ma'aikaciyar da ke karɓar naira 40,000 a wata, rabin albashinta na mako goma sha biyu bai wuce kimanin naira 60,000 ba, wanda ajiyar naira 5,000 a kowane wata za ta haɗa shi cikin shekara. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka da zarar ta sanar da kai, ku zauna ku tsara ranar tafiya da ta dawowa, ka nemi wanda zai riƙe wurin na wucin gadi, ka rubuta masa a takardarsa cewa na wata uku ne. Ka kwatanta wannan da abin da ya sami wata ƙungiyar lafiya mai zaman kanta a Abuja, wadda ta sallami ma'aikaciyarta jim kaɗan bayan ta sanar cewa tana da juna biyu, Kotun Ma'aikata ta ɗauki hakan a matsayin wariya saboda jinsi ta kuma ci ta diyyar miliyoyin naira. Alƙali yana duba jerin ranaku, idan sallama ta biyo bayan sanar da ciki da kwanaki kaɗan, da wuya ya yarda cewa abin ya zo daidai ne kawai. Ni a ganina ko babu kotu, macen da aka riƙe da mutunci a lokacin haihuwarta ta fi kowa daɗewa a wurin aiki, kuma ƙaramar sana'a ba ta da jarin da ya wuce ma'aikacin da ya san kanta.

Addini, naƙasa da zaman yau da kullum

A wurin da Musulmi da Kirista ke aiki tare, ka tsara jadawali tun farko yadda mai zuwa Juma'a zai samu lokacinsa, mai zuwa coci ranar Lahadi shi ma ya samu nasa, su riƙa riƙe wa juna wuri a Sallah da Kirsimeti. Kada ka tilasta wa kowa shiga addu'ar buɗe shago ta addinin da ba nasa ba. Kayan aiki na bai ɗaya halal ne ka sa, amma ka bar wurin hijabi, inda kuma akwai injin da zai iya jan tufafi, kamar wurin niƙa ko injin kwaɓa fulawa, sai a nemi ɗan ƙaramin hijabin da ake cusawa cikin riga. Lokacin zaɓe ma ka tuna cewa ra'ayin siyasa yana cikin abin da aka kare.

Dokar masu buƙata ta musamman ta ba su haƙƙin neman aiki daidai da kowa. Wanda ya saɓa wannan tanadi zai biya wanda ya zalunta abin da bai gaza naira 250,000 ba, kamfani kuma abin da bai gaza naira 500,000 ba, sannan kowane babban jami'in kamfanin da ke da hannu ya biya naira 50,000. Kashi 5 cikin 100 na guraben aiki da dokar ta ware ya shafi hukumomin gwamnati ne, amma wa'adin shekara biyar da ta bayar na gyara gine-ginen da jama'a ke shiga ya cika tun Janairun 2024, kuma jihohi irin su Kano da Kaduna da Jigawa suna da tasu dokar. A aikace, abin da ake buƙata sau da yawa ɗan kaɗan ne: gangaren siminti a bakin ƙofa, ko kujera ga kashiyar da ba ta iya doguwar tsayuwa, ko rubuta wa kurma umarni a takarda, ko ɗauke zabiya daga aikin tsakar rana zuwa cikin inuwa. Kafin ka yanke cewa mutum ba zai iya ba, ka tambaye shi yadda yake yin irin wannan aiki, domin ya fi ka sanin jikinsa. Duk abin da ka sani game da lafiyar ma'aikaci kuma ka kulle shi a fayil ɗinsa, tun da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya da na addini da na ƙabila cikin masu buƙatar tsaro na musamman.

Akwai kuma laifin da ba kai ka aikata ba amma kai za ka biya. A 2013 Kotun Ma'aikata ta kama kamfanin Microsoft da reshensa na Najeriya da alhakin abin da shugaban reshen ya yi wa wata ma'aikaciya na neman ta da lalata, da kuma korarta bayan ta ƙi, ta kuma ci su diyya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai, idan manajanka ko babban yaron shagonka yana matsa wa 'yan matan da ke ƙarƙashinsa kai kuma ka kawar da kai, hukuncin zai iya faɗowa a kanka. Ka faɗa wa kowa a fili, a rubuce kuma, cewa taɓa jiki da maganar batsa da saƙon dare da zagin ƙabila ko addini ba su da wuri a nan, sannan ka ware mutum biyu da za a iya kai wa ƙara, ɗaya daga ciki mace, domin yarinya ba za ta kai ƙarar manaja wurin manaja ba, kuma kunya tana hana da yawa faɗa wa namiji irin wannan magana.

Idan ƙorafi ya zo, ka saurari mai ƙorafi a keɓe, ka rubuta abin da ta faɗa da ranar da ta faɗa, ka ji ta bakin wanda ake zargi da shaidu, ka yanke hukunci cikin kwanaki, ka sanar da su duka biyun. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce a rufa asiri, a sallami yarinyar ko a rage mata kwanakin aiki don a samu zaman lafiya. Wannan ramuwa ce, kuma ta fi ainihin laifin sauƙin tabbatarwa a gaban alƙali.

Ranar rabuwa

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara mafi ƙarancin notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye, kuma ana iya biyan kuɗi a madadin notis. A da maigida yana iya sallama ba tare da faɗin dalili ba muddin ya ba da notis, amma Kotun Ma'aikata ta yanke hukunce-hukunce da dama da ke neman a nuna ingantaccen dalilin da ya shafi aikin mutum ko halinsa ko buƙatar sana'ar. Saboda haka idan yaro yana makara ko yana wasa da aiki, ka ba shi takardar tuhuma, ya amsa a rubuce, ka ba shi gargaɗi mai kwanan wata ya sa hannu, ka ajiye kwafi. Kafin ka sallami kowa, ka tambayi kanka ko akwai wani da ya yi irin wannan laifi ka ƙyale shi, domin idan ɗan garinku ya yi gibin kuɗi ka yi masa nasiha, baƙo ya yi irinsa ka kore shi, kai da kanka ka haɗa wa lauyansa hujja. Idan kasuwa ce ta ja baya kake rage ma'aikata, sashe na 20 ya ce a fara da wanda ya zo daga baya, tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana, sashe na 9 kuma ya hana korar mutum saboda ya shiga ƙungiyar ƙwadago. Ka rubuta ma'aunin da ka bi kafin ka zaɓi sunaye, ka biya kowa haƙƙinsa ta banki ko da rasit mai sa hannu.

In duk da haka takardar lauya ko sammaci ya iso, kada ka kira ma'aikacin ka yi masa barazana, kada ka tura masa 'yan sanda a kan maganar da ba ta sata ba ce, kada kuma ka goge saƙonni ko ka ƙirƙiri takardar gargaɗi mai tsohon kwanan wata, domin idan aka gano ƙarya ɗaya sauran takardunka na gaskiya ma sun zube. Ka tattara fayil ɗinsa da rajistar zuwa aiki da shaidar biyan albashi ka kai wa lauyan da ya saba da shari'ar ƙwadago tun a makon farko, saboda akwai ƙayyadadden lokacin shigar da amsa. Ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharka yana shiga tsakani a irin wannan rikici, kotun da kanta kuma tana da cibiyar sulhu da ta kafa a 2015, inda alƙali kan tura ƙarar da ya ga za a iya daidaitawa. Idan lauyanka ya duba ya ce akwai rauni a ɓangarenka, ka karɓi sulhu, a rubuta abin da aka amince a kai da adadin kuɗin da ranar biya, kowa ya sa hannu, a kai wa kotu ta mayar da shi hukuncinta.